Kafin Ki Miƙa Takardar Seri Ran Litinin

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata ta fari, a gidan gwaggonta Zali, Dogon Dutsi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin isa lafiya, motar ba ta kafe da ku cikin rairayi ba, kuma kin tarar da mutanen gida ƙalau. Ki gaishe mini da gwaggonki da maigidanta da yara. Mu nan Dogon Kiriya sai godiya. Allah Ya tsare ki inda kike, Ya tsare ki inda za ki.

Na san za ki yi mamaki, don tunda aka haife ki ban taɓa rubuta miki ko layi ɗaya ba, ga kuma waya a aljihuna. Amma na san halina. In na kira ki, gajiya zan tambaye ki, in tambayi zafin Dutsi, in ce a gaida gwaggo, in kashe. Shi ya sa na nemo alƙalami na zauna inuwar rumbu da hantsin nan. Faransancina ya yi tsatsa, da Hausa zan yi.

Takardar zaɓin makaranta da aka ba ku bayan kun ci jarrabawar BEPC ta ƙarshen kolej ta iso hannuna. Ba ki ba ni da kanki ba. Innarki kika bar wa, kika ce in sa hannu a aiko miki da direba, don ran Litinin za ki miƙa ta a ofis, daga ranar kuma an rufe. Na buɗe na karanta. A layin seri kin rubuta A, wato ɓangaren harsuna da adabi. A layin lise ta farko, wato makarantar da za ki shiga bayan kolej, kin rubuta Dutsi, a layi na biyu ma Dutsi, sai ka ce mai tsoron kada su kasa karanta na farkon. Na juya takardar na sake juyawa, ina neman inda C ta ɓuya, ɓangaren lissafi da kimiyya, ban gan ta ba.

Na tambayi innarki ko kuskure ne. Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ta ce, "Maigida, kai dai sa hannu. Ta ce abin da kaka so ke nan."

Na ce, "Ni? Yaushe nic ce haka?"

Ta ce, "Ai shi ne. Ba ka ce komi ba. Ta ce ranar da ta yi lissahi bakin rijiya korar ta ka yi, ta gane ba ka son ta da irin wanga karatu. Kuma bayanka na ciwo, gara ta yi kusa."

Na tsaya riƙe da takarda har kaji suka zo suna tsattsagar tsaki a kan ƙafata ban kore su ba. Abin da aka yi mini, wanda na daɗe ina jin zafinsa, shi na juya na yi wa ɗiyata ban sani ba. To, ki saurara in ba ki labarin babanki, wanda ba ki taɓa ji ba, don ban taɓa ba wa kowa ba.

Kin san ni da igiya da diga, kin san na yi kolej, amma ba ki san na shiga lise ba. Na shiga. Wata uku na yi.

A zamaninmu babu kolej a nan, Dutsi muke zuwa. Ina da aboki, Ilu, ɗan Kiyeshe, tabarma ɗaya muke kwana a zauren mai masaukinmu. Ilu in ya buɗe baki da Faransanci sai ka rantse rediyo aka kunna. Ni kuwa rubutun zube wahala yake ba ni, amma in aka zo lissafi, kafin mushe, wato malaminmu, ya gama rubuta tambaya a allo na ga amsar. Ranar da aka raba mana irin takardar nan taki, ban yi tunanin komai ba, na leƙa ta Ilu. Ya sa seri A, Doso. Na sa seri A, Doso. Daraktanmu ya duba tawa, ya cire tabarau ya dube ni, ya ce na tabbata? Na ce na tabbata. Abin da na tabbata da shi guda ne, ina tsoron in kwana a garin da babu Ilu.

Ilu bai yi laifi ba. Shi abin da ya dace da kansa ya zaɓa, yau yana aiki a kotu, tumbinsa ya fito, har yanzu muna zumunci. Ni ne na sa rigar da aka ɗinka wa wani. Saboda haka in akwai wata ƙawa da kika leƙa takardarta, ko kika ji ba za ki iya rabuwa da ita ba, ki sani kewar ƙawa wata biyu ce, za ki yi wasu. Seri kuwa shekara uku za ki kwana da ita ki tashi da ita, daga nan ta bi ki har bak, jarrabawar ƙarshen lise, har abin da za ki ci abinci da shi.

A Doso na sha wuya. Littattafai masu kauri, a ce ka karanta ka faɗi abin da marubuci yake nufi, ni ko abin da ya faɗa ban gama ganewa ba. Wata rana da safe an aike ni ɗauko alli, na bi ta bayan ajin ƴan seri C, na leƙa ta taga. Abin da na gani a allo har gobe yana idona. Malamin ya zana rijiya. Ya zana ƙarfen nan mai juyawa da muke ɗora igiya a kansa, ya zana guga tana reto, ya ja kibiyoyi sama da ƙasa, yana rubuta lambobi a gefe. Yana yi musu bayanin dalilin da ya sa in ka ƙara ƙarfe na biyu nauyin ya ragu a hannunka. Ni da na tashi ina ganin kakanki yana yin haka, na ɗauka dabararmu ce ta mutanen ƙauye, abin da ba ya shiga littafi. Ashe aikin gidanmu yana da doka, an san ta, ana koyar da ita, ni kuma ina waje riƙe da kwalin alli. Na daɗe tsaye a tagar nan har malamin ya hango ni ya ce me nake nema. Na ce babu, na wuce.

Wannan "babu" ita ta kashe ni. Daga baya na ji cewa a makonnin farko ana iya zuwa wajen shugaban makaranta a roƙi canjin seri, har wani ɗan ajinmu ya yi, an canza masa. Ni ban tambaya ba. Ina ganin ni ɗan ƙauye, takalmina na roba, wa zai saurare ni? Ko ƙofar ofishin ban taɓa taɓawa ba. Ɗiyata, duk inda kika je, ki riƙa tambaya. Ki yi sallama, ki gaida mutum da ladabi, ki faɗi abin da ya kawo ki. Wanda ke zaune bayan tebur don a tambaye shi aka ajiye shi. In ya ce a'a, kin dawo inda kike, ba ki rasa komai ba. In ba ki gane darasi ba ki ɗaga hannu, ko duk ajin za su yi dariya. Na ga irin kunyar nan taki, tawa ce kika ɗauko, kuma ba gadon arziki ba ne.

Da aka yi hutun farko na dawo gida. Ni ne ɗan fari wajen kakanki, kin kuwa san al'adarmu. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya zama hira da shi, ko kallonsa ba ya yi in da mutane. Na shigo da jakata na durƙusa na gaishe shi, ya dubi gefe ya ce, "An zo?" Shi ke nan. Bai tambayi karatu ba, bai tambayi Doso ba. Kashegari ya tafi wajen wata rijiya da yake haƙa, na bi shi. Da muka isa ya miƙo mini igiya. Na ce a raina, to, ga amsa, tsoho ya gaji, yana so in zauna. Ranar komawa ta zo, motar Doso ta tashi, ina cikin rami. Bai ce mini don me ba, ni ma ban ce komai ba. Haka muka yi shekara goma sha tara muna aiki tare, yana sama ina ƙasa.

Sai ranar sadakar ukunsa, bayan mutane sun watse, ƙaninsa, baffana Arzika, ya kira ni bayan gida.

Ya ce, "Kai, ka san abin da ka yi ma tsohonga? Ranar da motar Doso ta tashi ba ka ciki, bai ci tuwo ba. Tun kahin ka zo hutu ya aika hatsi buhu biyu gidan mai masaukinka, na sauran shekara. Ni nik kai su tasha."

Na ce, "Baffa, mi ya hana shi hwaɗa mini?"

Ya ce, "Ni ma na tambaye shi. Ya ce shi da bakinshi shi ce ma ɗan hwari koma lakwal wajen karatunka, ina son ka zama wani abu? Ya ce kai ka yi karatu, kai ka san abin da ya hi. Igiyar ma da ya ba ka, don ya ga kana tsaye ba ka da abin yi ne."

Ban yi kuka a makabarta ba, a bayan gidan nan na yi. Na yi alkawari a raina ba zan yi wa nawa haka ba. Sai ga shi Allah Ya ba ni ke, ranar suna ta zo, tsofaffi suna kallo, na sunkuyar da kai kamar yadda na ga an yi. Daga nan abin ya bi jikina.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya faru ranar rijiya, ta wajena, tunda ke taki kika sani. Bara ne da rani, muna yasar tsohuwar rijiyar tudu, kika kawo mini fura. Muna hutawa, ana gardama tsakanin mutanen garin kan zurfinta, wani ya ce gaba arba'in, wani ya ce hamsin. Ba wanda ya tambaye ki. Kika ɗauki tsakuwa, kika sake ta a bakin rijiyar, leɓenki na motsi kina ƙirga, har muka ji ƙarar ruwa. Kika sake yi har sau uku. Sai kika tsuguna kika yi ƴan rubuce-rubuce a ƙasa da tsinke, kika ce a hankali, ba ta kai gaba talatin ba, ta dai wuce ashirin da biyar.

Ni kaɗai a wurin na san gaskiya, don ni na auna igiyar da safe. Gaba ashirin da bakwai ce.

Wallahi ban san yadda zan kwatanta miki abin da na ji ba. Ni sai na ɗaure igiya a ƙugu, na sauka cikin duhu, na sa raina a hannun masu riƙo, kafin in san zurfin rami. Ke kina tsaye a sama, da gyalenki, da tsakuwa ɗaya, kika sani. Ashe dutse ma in zai faɗi ba yadda ya ga dama yake faɗuwa ba, da ƙa'idar da Allah Ya sa masa, kuma ƙa'idar nan tana cikin kan yarinyar da aka haifa a ɗakina. Tsoron Allah ya kama ni, da wani farin ciki mai nauyi. Mutane suka juyo suna kallona. Na ji in na buɗe baki zan yi abin kunya gaban jama'a. Shi ne na ce, "Ɗauki ƙwaryar ki tafi gida." Kika ɗauka kika tafi, ba ki waiwayo ba. Ni kuwa na koma cikin rijiyar tun lokacin hutu bai ƙare ba, don a can ƙasa babu mai ganin fuskata.

Kawunki Sani, mai shago a kasuwar Dutsi, shi ya taɓa cin fuskata a kan wannan. Kin san shi da gajeren wando da yawan gyara wa mutane, ni da shi ba mu cika shan inuwa ɗaya ba. Ya ce mini, "Yaya, wagga kunya taku ta ɗan hwari ba addini ba ce, al'ada ce. Yarinya na ƙoƙari, ka hwaɗa mata." Na ce ya je ya ji da awon shinkafarsa. To, yau na yarda, a wannan dai yaron ya fi ni gaskiya. Kada ki gaya masa, kansa zai ƙara girma.

Hajara. Ga shi na rubuta, alƙalamin bai karye ba. Hajara, ban kore ki don kin ɓata mini rai ba. Ban taɓa alfahari da wani abu a duniya kamar yadda na yi da ke a ranar nan ba.

Jiya na je wajen Mushe Hamidu, malaminku na lissafi, na yi abin da na kasa yi a Doso, na tambaya. Ya ce shi ya ara miki littafin ƴan lise da kika ga lissafin tsakuwar a ciki, wai kin dawo masa da shi kin nuna masa inda aka yi kuskuren bugu. Ya zauna ya warware mini komai. Seri A hanya ce mai kyau, daga cikinta alƙalai ke fitowa, da ƴan jarida, da malaman harsuna, da masu riƙe da mulki, kada ki ji na raina ta don ni ta kayar da ni. Seri C kuwa, bayan shekarar farko takan rabu biyu, mai son lissafi zalla ya ci gaba da C, mai son ilimin jiki da tsirrai ya bi D. Ta nan ake zuwa likita, da aikin gona na ilimi, da injiniya. Ya ce wanda ya fara da C in ya ga ba zai iya ba yakan samu ya koma A, amma daga A zuwa C da wuya. Ya kuma ce a Yamai akwai lise ta masu kimiyya da ake shiga da gasa, yana ganin ki gwada. Da na ce masa A kika rubuta, sai da ya ajiye kofin shayinsa don mamaki.

Maganar injiniya ta tuna mini da wata mata da ta zo nan shekarun baya tare da masu haƙar famfo. Bazabarma ce, ƴar siririya, Hausarta a karye. Mu in za mu nemi ruwa, suri muke dubawa da irin itatuwan wuri, kakarki ta wajen Lugu kuma takan ce ruwan ƙasa da masu shi, sai an nemi izini. Ita matar nan wayoyi ta shimfiɗa a ƙasa, ta kafa ƙarafa, ta duba wani akwati, ta ce a nan za a haƙa, za a wuce dutse kaza kafin a sami ruwa. Muka yi dariya a ɓoye, don wurin ko ciyawa ba ta so. Aka haƙa, ruwa ya yi tsalle ya fi tsayin mota. Daga wannan famfon kike ɗebo ruwa kullum. Na tuna har na je na gaishe ta da hannu biyu, ni da na girme ta. Ban ce sai kin zama ita ba. Ina dai so ki san mace ta yi, na gani da idona.

Game da wace lise, ga ɗan abin da na sani. Kada sunan gari ya ruɗe ki, kada kuma kusa da gida ya ruɗe ki. Ki tambayi waɗanda suka riga ki shiga: malaman lissafi da kimiyya suna nan tun farkon shekara har ƙarshenta? Akwai ɗakin gwaje-gwaje, kuma ana buɗe shi? Mutum nawa ne a aji? Sannan masauki, don shi ke cin ɗalibi tun kafin jarrabawa ta ci shi. Gidan da za ki zauna, za a bar ki ki buɗe littafi, ko daga makaranta sai turmi sai tulu? Tafiyar minti nawa ce zuwa aji? In Dutsi ta cika waɗannan, ki sa Dutsi da C, gidan gwaggonki gidanki ne. In Doso ce ko Yamai, muna da mutane a can, ni zan je da ƙafata in ga ɗakin da za ki kwana kafin ki tare. Ki zauna da gwaggonki ku yi shawara, ki yi istihara, amma layi biyu aka ba ki don ki sa wuri biyu.

Zancen bayana kuma, ki bar shi. Bayan mai haƙar rijiya dole ya yi ciwo, na kakanki ma ya yi, kuma zaman da na yi kusa da shi bai warkar da shi ba. Na daina sauka rami tun bana, sama nake tsayawa ina ba da umarni, har na fara jin daɗin abin. In kika ajiye abin da Allah Ya ba ki don ki riƙa kawo mini ruwan zafi, wannan ciwon ya fi na bayan, kuma shi ba ya jin magani.

Tunda an ce rashin maganata ce ta jawo, bari in yi magana sarai. Ni C nake so miki. Ina so ki shiga ajin da na tsaya a tagarsa, ki zauna a benci na gaba. Na faɗa, kin ji daga bakina, ba sai kin yi ta karatun fuskata ba. Amma so na ne, ba umarni ba. In kin duba zuciyarki kin ga A kike so don kanki, ba don ni ba, ba don wata ƙawa ba, to ki bi ta da ƙarfinki, albarkata na tare da ke ba ragi.

A cikin ambulan ɗin nan za ki ga takarda biyu. Ɗaya taki ce da kika cika, na sa mata hannu yadda kika nema. Ɗayar sabuwa ce, na roƙo ta wajen daraktanku, babu ko ɗigo a kanta sai sa hannuna a ƙasa. Daraktan ma sai da ya ce, "Malam, ka san abin da kaka yi? Ba a sa hannu ga takarda hwara." Na ce na sani. Shekarata hamsin da ɗoriya, ban taɓa yi wa kowa haka ba, ko ɗan'uwana ciki ɗaya. Duk abin da kika rubuta a saman sunana, na yarda da shi tun ban gani ba.

Allah Ya yi miki zaɓi mafi alheri, Ya buɗe miki kai, Ya haɗa ki da malamai na gari da masauki na gari. Allah Ya tsare ki a hanya da cikin gari, Ya kare ki daga sharrin mutum da na aljan, Ya kai ki lafiya Ya dawo mana da ke lafiya. Innarki na gaishe ki.

Ran Litinin, in kin fito daga ofis, ki kira ni. Zan ɗauka, kuma ba zan tambaye ki zafin Dutsi ba.

Wassalam.

Babanki,
Dogon Kiriya.